Ranar Da Muka Canza Birkin Motar Malam A Ƙofar Gida



Duk wanda ya tashi a Moshi Zango ya san wannan ƙarar. Da sassafe, sa'ad da motocin haya suka fara kwasar mutane zuwa Kejetia, sai ka ji wata ta zo tsayawa tana kuka siriri kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, direba kuwa ko a jikinsa, yaron mota yana ta kiran fasinja. Kunnuwanmu sun saba da ita har mun daina jinta. Mu kanmu sai da ta shigo gidanmu, ta kusa jawo mana abin da ba za mu manta ba, sa'an nan muka tsaya muka tambayi abin da take nufi.

Mahaifinmu yana da tsohuwar Toyota Corolla, irin waɗanda ake kawowa daga waje bayan sun gama aiki a can, abin da muke kira hom-yus. Ita ke kai shi ɗaurin aure da suna da jana'iza, ita ke ɗauko buhun shinkafa daga kasuwa, in kuma ciwo ya tashi wa wani a unguwa da tsakar dare, ƙofarmu ake ƙwanƙwasawa. Tun kafin azumi ta fara wannan kuka. Hajiya ce ta fara ji, ta yi magana, muka ce sai bayan Salla. Bayan Salla muka ce sai an yi albashi. Ran nan da yamma muna gangarowa wata mararraba, Hajiya da jikoki uku suna baya, sai ga wani mai aboboya ya faɗo titi ba tare da ya duba ba. Muka taka birki. Maimakon kukan da muka saba ji, sai wani gurnani na ƙarfe a kan ƙarfe, motar ta ja gefe ɗaya, ta tsaya tsakaninta da shi bai fi taƙi guda ba. Babu wanda ya ce uffan har muka iso gida. Saura mako biyu ke nan mu kama hanyar Tamale da wannan motar, tafiyar kusan kilomita 380, domin bikin wata 'yar'uwa.

Muna da wani maƙwabci dattijo wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin fita a Magazin, yanzu idanu da gwiwoyi sun sa ya zauna a gida, amma har yau kowa Masta yake ce masa. Washegari muka je muka gaishe shi, muka faɗa masa abin da ya faru. Ya sa aka cire tayar gaba, ya leƙa, ya shafa da yatsa, ya daɗe bai yi magana ba.

"Ɗan Malam, ka iya karanta Larabci, ka iya karanta Turanci. Wannan ƙarfen ma rubutu ne a jikinsa, wata uku yana yi muku wasiƙa ba ku karanta ba."

"Baba Masta, a taimaka a gyara mana."

"Ni hannuna ya huta. Kai za ka yi, ni zan zauna a kujera in duba. In ka yi sau ɗaya, ko ba ka sake yi ba har abada, babu fitan da zai ƙara rufe maka ido."

Abin da muka koya a hannunsa cikin kwana biyu, da abin da muka bi muka karanta daga baya, shi muke so mu kawo wa gidajenmu a wannan fitowar.

A bayan kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi wanda ke juyawa tare da ita, fitoci suna ce masa diski. Wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi ya rungumi gefen faifan, sunansa kalifa (ɗalibanmu na makarantar allo kada su ruɗe, ba shi da wata dangantaka da halifofin tarihi). A cikin kalifa akwai takalman birki guda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, waɗanda ake kira fad. 'Yan'uwanmu masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla sun san su da plaquettes, faifan kuma disque. Idan direba ya taka birki, man birki ya bi ta tiyo ya tura fistin da ke cikin kalifa, fistin ya matse takalman nan a jikin faifan, gogayyar ita ke tsayar da mota. Dabarar ta tsufa: wani injiniya Bature, Frederick Lanchester, ya yi mata rajista a Birmingham ta Ingila a 1902, amma sai a shekarun 1950 ta kankama, bayan motar Jaguar mai irin wannan birki ta ci tseren Le Mans a Faransa a 1953, kamfanin Citroën kuma ya sa shi a motarsa DS a 1955.

Abin lura shi ne, duk ƙarfin gudun mota zafi yake komawa a jikin waɗannan ƙarafa. Shi ya sa suke cinyewa, kuma an yi su ne domin su cinye. Na gaba sun fi saurin ƙarewa saboda nauyin mota gaba yake zubowa idan an taka birki, kusan kashi biyu cikin uku na aikin su ke yi. Sa'an nan akwai wani lissafi da ya kamata kowane direba ya haddace: in gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa tana ninkawa sau huɗu. Mota mai lafiyayyen birki a kan busasshiyar kwalta, tana tafiyar kilomita 50 a awa, tana bukatar kimanin mita 14 daga lokacin da birki ya kama zuwa tsayawa. A kilomita 100 kuwa, kimanin mita 55. Ba a ma sa daƙiƙar da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki ba, wadda a gudun 50 ita ma wasu mita 14 ne. Wannan duk ga birki mai lafiya. Kumasi kuma gari ne na hawa da gangara, ga cunkoso, ga ruwan sama mai zuwa kashi biyu a shekara, don haka takalmin da zai daɗe a wani gari a nan ba ya kai labari.

Kukan nan siriri da muka yi watsi da shi, ashe da gangan aka yi shi. Yawancin takalman birki suna da wani ɗan harshen ƙarfe a gefe, wanda idan naman takalmin ya cinye ya kusa ƙarewa, sai ya fara taɓa faifan yana ƙara domin ya gargaɗi mai mota. Sabon takalmi yakan zo da nama mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Idan ya sauko zuwa 3, lokacin canji ya yi. Namu da Masta ya ciro, na ciki a ɓangaren dama babu nama ko kaɗan, bayan ƙarfen ne yake ta tonon faifan har ya yi masa kunyoyi kamar gonar dawa. Da mun ji maganar Hajiya tun farko, takalma kaɗai za mu saya. Jinkirin wata uku ya sa dole sai da faifai biyu.

Akwai sauran alamu. In sitiyari ko fedar birki suna karkarwa sa'ad da aka taka a kan gudu, fuskar faifan ta daina zama daidai. In mota tana ja gefe ɗaya, mai yiwuwa kalifa ɗaya ya maƙale. In bayan gajeriyar tafiya taya ɗaya ta fi sauran zafi ko tana warin ƙuna, birkinta ba ya saki. In man birki ya ragu a 'yar robarsa da ke ƙarƙashin bonet alhali babu yoyo, sau da yawa takalma ne suka cinye, fistin ya fito waje, mai ya bi shi. Ƙara mai a wannan hali rufe bakin mai ba da labari ne kawai.

Zuwa Magazin

Mu mutanen Moshi Zango Allah Ya yi mana gata da maƙwabtaka da Suame Magazin, ɗaya daga cikin manyan matattarar masu gyaran mota da maƙera a nahiyar Afirka. Asalinta a shekarun 1930 ne, lokacin da masu sana'a suka fara taruwa kusa da tsohuwar ma'ajiyar makamai ta Turawan mulki, daga nan sunan ya samo asali, aka kuma mayar da su inda suke yanzu a 1962. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikinta domin koya wa masu sana'a aiki da injunan zamani. Ƙiyasin da aka fi ambata yana kai masu cin abinci a wurin mutum 200,000, kuma da wuya ka sami gida a zangonninmu da ba shi da ɗa ko ƙane a cikinsu. Babu abin mota da ba za ka samu a can ba. Matsalar ita ce, mai kyau da marar kyau a rumfa ɗaya suke kwana, wani lokaci ma a cikin kwali iri ɗaya.

Masta ya ce mu tafi da abu biyu: tsohon takalmi ɗaya a leda, da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 wadda ke ƙasan gilashin gaba da kuma takardun mota. Dalili kuwa, Corolla da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai ko Japan suna iya zama shekara ɗaya amma birkinsu ya bambanta. Mai shagon farko da muka shiga ya ɗauko mana kala uku, ya jera, ya ce wannan na masu kuɗi ne, wannan matsakaici, wannan kuma "na lallaɓawa". Na lallaɓawar bai kai rabin kuɗin na farko ba, kuma a ido babu bambanci. Bambancin yana cikin abin da aka kwaɓa naman da shi da irin gam ɗin da aka manna shi a bayan ƙarfe. Marar kyau idan ya ɗauki zafi a doguwar gangara sai ya yi santsi ya daina kamawa, wani ma naman yakan ɓalle gaba ɗaya. A ƙasashen Turai doka ta hana sayar da takalmin canji sai wanda ya ci gwajin da ake kira R90, kuma ana buga wannan alama a bayansa da jikin kwalinsa. Ganinta yana ƙara natsuwa, ko da yake mai jabu ma ya iya buga tambari. Saboda haka a ƙarshe abin dogaro shi ne mai shagon da kuka sani, wanda zai ji kunyar haɗuwa da ku gobe.

Game da hom-yus, ra'ayinmu a fili yake. Ƙofa, fitila, madubi, kai har inji, ana iya sayen hom-yus a ci riba. Takalmin birki kuwa ba a sayen wanda wani ya taka, domin ba ka san zafin da ya sha ba. Faifai na hom-yus ana iya dubawa, da sharaɗin a auna shi. Kowane faifai yana da lamba da aka buga a gefensa ko a cibiyarsa, bayan haruffan MIN TH, wato kaurin da in ya gaza shi ya zama na yarwa. Tsakanin sabo da wanda ya ƙare sau da yawa milimita 2 ko 3 ne kacal, ido ba ya iya rabewa, sai da ma'aunin kauri, kuma masu injin sassaƙar ƙarfe a Magazin duk suna da shi. Su ne kuma masu share fuskar faifai idan ta yi kunyoyi. Wannan aiki halal ne a sana'a matuƙar bayan an share kaurin bai sauka ƙasa da lambar nan ba. Faifan da ya sirance ba ya iya ɗaukar zafi, yana iya tsagewa. Namu da aka auna, sharewa za ta kai shi ƙasa da iyaka, muka haƙura muka sayi sababbi biyu.

Biyu muka ce, ko da yake ɗaya ne ya lalace sosai. Birki ba a canza masa ɓangare ɗaya. Dama da hagu tare suke tafiya, takalma huɗu, faifai biyu, in ba haka ba ɗaya ya fi ɗaya kamu, mota ta riƙa karkata a daidai lokacin da ake so ta tsaya miƙe.

Aikin kansa

Ranar Asabar bayan an karya kumallo muka fara. Abu na farko da Masta ya yi shi ne korar yara, na biyu kuma ya hana mu yin aikin a inda motar ta saba kwana, saboda wurin yana da ɗan gangare zuwa kwata. Muka tura ta kan daɓen siminti mai shimfiɗa, muka ja birkin hannu, muka sa giya, muka tokare tayoyin baya da itace gaba da baya. Ana sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sa'an nan a ɗaga da jak a wurin da kamfani ya tanada a ƙarƙashin mota.

A nan za mu daɗe kaɗan, domin a nan ne ake mutuwa. Jak na ɗagawa ne kawai. Ba a barin nauyin mota a kansa a sa hannu ko kai a ƙarƙashi. Sai an sa ƙafar ƙarfe ta tokare mota, an sauke nauyin a kanta, an girgiza an ga ba ta motsi. Mun sha ganin motoci a lungunanmu an ɗora su a kan bulon siminti, alhali bulo ba ya gargaɗi, farat ɗaya yake rugujewa. Masta ya aro mana ƙafafun ƙarfe biyu wurin wani tsohon yaronsa, ya kuma sa muka tura tayar da muka cire ƙarƙashin motar a kwance, ko da wani abu zai zame ta tare.

Daga nan aikin ba shi da wuya kamar yadda muka zata. Mun ɗauki hoton komai da waya kafin mu taɓa, kuma mun gama ɓangare ɗaya kafin mu buɗe ɗayan, domin in mun rikice mu leƙa mu ga yadda yake. Kusoshi biyu ke riƙe da kalifa ta baya. Da an kwance su sai ya zame ya fito, a rataye shi da waya a jikin sifirin. Ba a barinsa yana reto a kan tiyon mai, domin tiyon yana iya rauni daga ciki inda ido ba ya gani, ya fashe wata rana a kan hanya. Sai a zare tsofaffin takalma, a kwance manyan kusoshi biyu na mariƙin kalifa, waɗannan kam sai da muka sa doguwar sifana da ƙarfin mutum biyu. Faifan namu tsatsa ta manne shi. Muka ɗauko guduma za mu far masa, Masta ya daka mana tsawa, ya nuna mana wasu ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskarsa: ana ɗaura kusoshi a ciki a hankali, su tura shi ya ɓalle da kansa.

Ƙurar da ta taru a wurin baƙa ce wuluk, kuma abin da hannu ke so shi ne a hure ta da baki. Kada a yi. Tsofaffin takalman birki da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda shaƙarsa ke jawo sankarar huhu bayan shekaru, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005. Ana goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma ko maganin wanke birki na fesawa, a rufe hanci, a zubar da tsumman inda yara ba za su ɗauka ba.

Wurin da Masta ya fi tsananta mana shi ne wurin da mu muka ga kamar ɓata lokaci ne. Ya sa muka kankare fuskar cibiyar da faifai ke zama a kai da buroshin waya da sanfefa har ta yi ƙyalli. Ya ce ɓarɓashin tsatsa da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya karkatar da sabon faifai, bayan wata biyu sitiyari ya fara rawa, mai mota ya koma yana zagin mai shago. Sabon faifai kuma yana zuwa da wani mai da aka shafa masa domin kada ya yi tsatsa a hanya, dole a wanke shi tas ciki da waje. Sa'an nan ya sa muka zaro sandunan ƙarfe biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Ɗaya ta fito sumul, ɗayar a bushe, ta kafe. Ashe ita ce ta sa takalmin ciki na dama ya cinye ya bar sauran, ita ce kuma ta sa motar ta ja gefe ran nan. Da mun sa sababbin kaya mun bar ta haka, da ciwon yana nan. Muka wanke su muka shafa musu giris na birki, wanda ba ya cin roba. Giris ɗin nan ko ɗigo kada ya taɓa naman takalmi ko fuskar faifai.

Sabon takalmi ya fi tsoho kauri, saboda haka sai an mayar da fistin ciki kafin kalifa ya koma. Ana buɗe murfin robar man birki, a ɗora tsohon takalmi a kan fistin, a matse a hankali da matsin ƙarfe. Mai yana komawa sama, a sa ido kada ya yi ambaliya, domin yana cin fenti. Aka mayar da komai yadda hoto ya nuna, aka ɗaure kusoshi, aka sa taya. Notocin taya ana ɗaure su ne a tsallake, wannan sai na gabansa, ba a bi da bi ba, kuma da ma'auni: littafin Corolla ya ce 103 a ma'aunin Nm. Al'adar hawa kan sifana a yi tsalle tana miƙar da kusa, tana kuma iya karkatar da faifai.

Muka gama wajen la'asar, muka wanke hannu, muka ɗauki makulli muna jin kanmu. Masta ya ce: "Zauna. Kada ka tayar. Taka birki in gani." Muka taka, feda ta tafi har ƙasa kamar an taka auduga. Gabanmu ya faɗi, muka ce mun ɓata aikin. Ya yi dariya ya ce a sake takawa. A karo na huɗu ko na biyar ta yi tauri. Fistin da muka tura ciki ne yake bukatar ya dawo ya sami takalmi.

"Da ka tayar ka ja," in ji shi, "da katangar Alhaji ce birkinka. In kuwa akwai yaro tsakaninka da katangar fa?"

Ya ce ya san fitoci ƙwararru da wannan mantuwa ta kunyata. Mu dai tun daga ranar ba mu taɓa tayar da mota ba tare da mun fara jin taurin birki a ƙafa ba.

Sabon takalmi da sabon faifai sai sun saba da juna. Muka sami hanya marar cunkoso, muka riƙa kai gudu 50 muna saukowa zuwa 10 da matsakaicin taku, kamar sau goma, ba tare da tsayawa cak ba, sa'an nan muka yi 'yar tafiya domin su huce. Kwanakin farko ana guje wa birki mai tsanani in ba dole ba.

Man birki da iyakar aikin gida

Man birki yana da wani hali da yawancinmu ba mu sani ba: yana shan danshin iska. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Idan mai ya tafasa a doguwar gangara, sai ya zama tururi, feda ta nutse, birki ya ɓace, bayan an huce kuma ya dawo kamar ba a yi komai ba, mutane su ce aljanun hanya ne. A gari mai danshi irin Kumasi ya kamata a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. A duba murfin robar, an rubuta irin wanda motar ke sha. Kada a haɗa shi da DOT 5, wanda jinsinsa dabam ne, kada kuma a yi amfani da kwalbar da ta daɗe a buɗe. Mun sha jin labarin direbobin da ke zuba ruwan sabulu idan mai ya ƙare, mun kuma ga da idonmu motar da aka toshe wa bututun taya ɗaya mai yoyo tana yawo da birki uku. Wanda ya yi haka ya ɗauki fasinja, ya ci amanar mutanen da suka ba shi rayukansu a kan kuɗin mota.

Ba kowane aikin birki ne na ƙofar gida ba. In feda tana laushi bayan an taka sau da yawa, in ana ganin yoyon mai, in fitilar ABS ta kama, a kai wa masu sana'a, kuma kada a tuƙa motar zuwa can in birkin ba ya riƙewa. Birkin baya ma wani karatu ne: ƙananan motoci da yawa na ganga ne da su mai sifirin-sifirin a ciki, wasu fistin ɗinsu murɗa shi ake yi ba turawa ba, sababbin motoci masu birkin hannu na maɓalli kuwa sai an sa musu kwamfuta kafin a buɗe. Manyan motoci masu birkin iska ba ma a maganarsu. Wanda kuma ba shi da ƙafar ƙarfe, ba shi da wurin da ya shimfiɗu, ba shi da wani masani da zai zauna kusa da shi a karon farko, to ya bar aikin nan.

Amma ko wanda ba zai taɓa riƙe sifana ba, da iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da ke da motocin kansu, wannan sani yana da amfani a gare su. Idan an kai mota, a ce wa fita ya nuna tsofaffin takalman da ya cire, guda huɗu. A tambaye shi ko ya auna faifai, nawa ya samu, nawa aka rubuta a jiki. A tambaye shi ko ya duba sandunan kalifa. Fita na kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, daɗi ma yake ji. Mu kuma masu mota mu ji tsoron Allah a wajen ciniki. Sau da yawa mu ne muke matsa wa fita da "yi mini dabara, babu kuɗi" har ya sa na lallaɓawa, in abu ya faru kuma mu ce fitocin yanzu ba su da gaskiya.

Hukumar DVLA, wadda aka kafa a 1999, tana duba lafiyar motar gida sau ɗaya a shekara, ta haya kuma duk wata shida. Takardar da take bayarwa shaida ce a kan ranar da aka duba, takalmi kuwa kullum cinyewa yake yi. Dokar hanya ta 2012 ta sa iyakar gudu kilomita 50 a cikin gari, 30 a kusa da makarantu da kasuwanni da masallatai, 90 a manyan hanyoyi, kuma duk waɗannan alƙaluma an yi su ne bisa zaton birkin motar yana aiki. Hanyar arewa da yawancinmu ke bi zuwa ganin dangi ta sha sa zangonni makoki: a Fabrairun 2016 wata babbar bas da ta taso daga Kumasi ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo, mutum fiye da 50 suka rasu, a Maris na 2019 kuma wasu bas biyu suka haɗu a wannan yankin, aka sake rasa fiye da 50. Haɗari yana da dalilai da yawa, akwai gudu, akwai gyangyaɗi, akwai wuce mota a kwana, akwai lalacewar hanya. A cikinsu duka, birki shi ne wanda mai mota zai iya gamawa da shi tun yana gida, kwana biyu kafin tafiya.

Mun kama hanyar Tamale ranar da aka sa, bayan sallar asuba. Masta ya ce mu tsaya a Techiman mu zagaya motar, mu kai bayan hannu kusa da kowace taya ba tare da mun taɓa ƙarfen ba, mu ji ko wata ta fi wata zafi, mu sake gwada notoci, mu leƙa robar mai. Muka yi haka, muka buga masa waya muka ce duk lafiya. Ya tambaya ko Hajiya ta ji wata ƙara. Muka juya muka tambaye ta, ta ce ba ta ji komai ba. Ya ce to mu ci gaba.